Otel-otel da kasuwar taruka: zaure na cika, ɗakunan kwana na jiran baƙi

Duk wanda ya san Yamai tsakanin 2019 da tsakiyar 2023 ya san abin da ido ya saba gani a ƙofar manyan otel-otel na Plateau da na bakin kogin Isa. Bandarol biyu ko uku rataye: wannan taron bita ne, wancan na tabbatar da rahoto, na can kuma na ƙaddamar da sabon porje. Fararen motoci masu tambarin ƙungiyoyi jere a bakin hanya, direbobi sun kafa shayi a inuwa suna jiran a tashi. Yau ma in ka bi ta can za ka ga bandarol ɗin, ba a daina taro a Yamai ba. Sai dai ka matsa kusa ka karanta sunayen da ke ƙasa, inda ake rubuta wanda ya ɗauki nauyi. Nan ne canjin yake, kuma shi ne ke hana masu otel barci.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu fahimci yadda otel ke cin riba, don da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa in zaure ya cika to mai otel ya sha kasuwa. Ba lalle ba. Kuɗin otel na gaske a ɗakin kwana yake. Ɗakin an riga an gina shi, gado na ciki, ma'aikaciyar shara an riga an ɗauke ta. In baƙo ya kwana, abin da otel ke ƙara kashewa bai wuce wankin zanen gado, sabulu da wutar kilim ba, sauran duk na shiga biyan bashin gini da albashi. Abinci kuwa ribarsa siririya ce, tunda sai an sayi nama, an sayi shinkafa, an sayi gaz. Shi zaure sau tari ƙugiya ce kawai, ana sassauta farashinsa, wani lokaci ma a ba da shi kyauta in masu taron sun kama ɗakuna da yawa. Kuma daren da ɗaki ya kwana babu kowa ya tafi ke nan. Ba hatsi ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira ya yi tsada.

Mu ɗauki misali. Taron mutum 40 na kwana uku, 25 daga cikinsu sun zo daga jihohi ko daga waje. Za su iso jajibiri, su tafi washegarin rufewa, dare huɗu-huɗu ke nan, dare 100 cur otel ya sayar, ban da karin safe, shayin hutu, abincin rana da na dare. To ga wani taron na mutum 300, dukansu mazauna Yamai, an buɗe ƙarfe tara, minista ya yi jawabi, an ɗauki hoto, an raba lemu da ɗan abin taɓawa, kafin azahar an watse. A telebijin taro na biyu ya fi girma nesa ba kusa ba. A littafin mai otel kuwa na farkon ya ninka shi. Abin da ke faruwa a 'yan shekarun nan shi ne irin na farko ya ja baya, irin na biyu ya yawaita.

Yadda aka gina kasuwar

Manyan otel-otel na zamani a Yamai kusan rana ɗaya aka haife su. Da ƙasarmu ta karɓi baƙuncin taron ƙolin ƙungiyar Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, wanda a cikinsa aka ƙaddamar da yankin kasuwanci maras shinge na nahiyar ranar 7 ga wata, birnin ba shi da wurin sauke shugabanni wajen 30 da dubban 'yan rakiyarsu. Gaweye da Grand Hôtel da Soluxe ba za su iya ɗauka ba. Sai aka shiga gini ba dare ba rana. Kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin Diori Hamani, ya kuma gina Radisson Blu mai ɗakuna 189. Bravia da Noom suka tashi a lokaci guda. Ƙasar Indiya ta ɗauki nauyin cibiyar taro ta Mahatma Gandhi, wadda babban zaurenta ke ɗaukar mutum wajen 2000, aka buɗe ta a hukumance a Janairun 2020. Magabatan wancan lokaci sun ce an zuba kimanin miliyar 450 na sefa a ayyukan, akasarinsu kuɗin 'yan kasuwa.

Tun a lokacin akwai masu tambaya: bayan baƙi sun tafi, wa zai kwana a ɗakunan nan? Amsar gwamnatin Issoufou Mahamadou ita ce a mayar da taro kansa sana'a. Don haka aka kafa hukumar ANEC a 2020, aikinta farauto taruka daga ko'ina a kawo su Yamai. Tunanin ba na wauta ba ne. Kigali ta yi haka ta ci riba, Dakar da Abidjan sun daɗe suna ci. Kuma Yamai tana da abin da ya sa dole a zo ta: rikicin Sahel ya mayar da ita matattarar sojojin ƙetare, jami'an diflomasiyya da ƙungiyoyin agaji, musamman bayan Faransa ta ɓata da Bamako da Wagadugu.

Sai dai ba a kai ko'ina ba korona ta faɗo. A watan Maris na 2020 aka rufe filayen jiragen sama, aka killace Yamai, aka hana taruwar jama'a. Sabbin otel-otel da ko shekara ba su cika ba suka wayi gari fayau. Duk da haka kasuwar ta farfaɗo da sauri. Shugabannin CEDEAO sun yi taronsu a Yamai a Satumban 2020, ministocin harakokin wajen ƙasashen OCI suka biyo baya a ƙarshen Nuwamba na shekarar, sannan a Nuwamban 2022 Tarayyar Afirka ta sake dawowa da taron ƙoli kan masana'antu. Akwai ma wani abin baƙin ciki da ya ƙara wa Yamai ciniki. Bayan kisan ma'aikatan agaji Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure ranar 9 ga Agustan 2020, ofisoshin jakadanci suka ƙara tsaurara wa mutanensu fita wajen birni. Taron da a da za a kai Dosso ko Tawa sai ya dawo cikin otel mai katanga da na'urar bincike a ƙofa.

Amma manyan tarukan ƙolin nan, da su da hayaniyarsu, sau ɗaya ne ko biyu a shekara. Tuwon yau da kullum na otel shi ne ƙananan tarukan bita na porje-porje, da ƙwararrun da ake aikowa su zauna mako biyu suna rubuta rahoto, da tawagogin Bankin Duniya, na Tarayyar Turai, na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kusan duk kuɗin nan daga waje yake zuwa, ko da ma'aikatar minista ce ta sa hannu a takardar gayyata. Ginin namu ne, ma'aikatan namu ne, mai biya kuwa baƙo ne.

Daga 26 ga Yulin 2023

Abin da ya biyo bayan hawan majalisar CNSP kowa ya gani da idonsa, ba sai an ba shi labari ba. Ranar 30 ga Yuli CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakoki suka rufe, Najeriya ta katse wutar da ke ba mu wajen kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha. Ƙasashen Turai suka kwashe mutanensu a jirage cikin kwanaki kaɗan. Air France ta daina zuwa. Faransa, Tarayyar Turai da wasu masu ba da tallafi suka dakatar da kuɗinsu, Bankin Duniya ya tsayar da fitar da nasa na wasu watanni. A watan Oktoba gwamnati ta rage kasafin kuɗin 2023 da kashi 40 cikin 100. To a irin wannan hali wa ke maganar taron bita?

Ga mai otel, duka biyu ne a wuri ɗaya. Baƙi sun tafi, kuɗin kashewa ya ƙaru. Babban otel ba ya iya kashe wuta don baƙi sun ragu: firij na nama sai ya yi aiki, lif sai ya yi aiki, famfon ruwa haka. In NIGELEC ta ɗauke, gurup ke ɗauka, shi kuwa gazuwal yake sha kamar raƙumi. Ko bayan ragin farashin da gwamnati ta yi a Yulin 2024, lita ta tsaya ne kan sefa 618 a lokacin. Ka lissafa yinin watan Afrilu guda, zafi ya haura maki 40, zaure da ɗakuna duk kilim na aiki.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, wuta ta dawo, Bankin Duniya da asusun FMI suka koma aiki da gwamnati a cikin shekarar. Mai tsammanin kasuwar taro za ta koma yadda take sai ya ga ba haka ba, domin abokan cinikin da kansu sun bar gari. Sojojin Faransa kusan 1500 sun gama fita a Disamban 2023, ofishin jakadancinsu ya rufe. An kawo ƙarshen aikin EUCAP Sahel, wadda ta shafe fiye da shekara goma tana shirya tarukan horo ga 'yan sanda, jandarma da alƙalai. Sojojin Amurka sun kammala tafiya a Satumban 2024. A Nuwamban 2024 aka janye lasisin ACTED da APBE, a Fabrairun 2025 aka umurci CICR ta rufe ofishinta. Ƙasar ta fita CEDEAO a ƙarshen Janairun 2025, ta fita ƙungiyar OIF a watan Maris, kowace kuwa tana da tarukan ministoci da na ƙwararru da ke kewayawa tsakanin manyan birane. Kan mai uwa da wabi kuma, daga Washington gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, ta rushe USAID. Wannan ba ruwansa da siyasar Nijar, ya taɓa kowa daga Dakar har Nairobi, amma a nan ya tarar da rauni ne ya ƙara fama shi.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da dalilinsa na siyasa, kuma 'yan ƙasa da yawa sun yi na'am da su. Ba wannan muke aunawa a yau ba. Abin da muke cewa shi ne a ƙarƙashin kowane suna da muka ambata akwai ɗaruruwan darare na ɗakin otel da suka ɓace daga littafi.

Su wa suka shigo

Wuri ba ya zama babu kowa. Cibiyar Mahatma Gandhi ba ta huta ba: can shugabannin AES uku suka sa hannu kan kafa ƙungiyar tarayyarsu ranar 6 ga Yulin 2024, can aka yi babban taron ƙasa na Fabrairun 2025 da wakilai fiye da 700, can aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani ranar 26 ga Maris. Tarukan ministoci da ƙwararrun AES na zagayawa tsakanin Yamai, Bamako da Wagadugu. A Yulin 2024 Turkiyya ta aiko da ministocinta na harakokin waje, na tsaro da na makamashi a tafiya ɗaya. Tawagogin Rasha na zuwa, harakar man Agadem da bututun da ya kai shi gaɓar teku na kawo injiniyoyi da 'yan kwangila. Jiragen Turkish Airlines, Ethiopian da Royal Air Maroc na sauka.

Sai dai sabon baƙon halinsa daban. Tawagar gwamnati kwana ɗaya ko biyu take yi, ta gana da magabata, ta sa hannu, ta tashi. Kamfanonin mai da na ma'adinai in zamansu zai daɗe gida suke kamawa ko su zauna a sansaninsu. Tarukan AES kuwa na ƙasashe uku ne, inda na CEDEAO a da na 15 ne, kuma ƙasashe ukun duka suna ɗaure ɗamara ne saboda kuɗin yaƙi. Har ila yau batun Soluxe, otel ɗin 'yan China da ofishin ministan yawon buɗe ido ya janye wa lasisi a Maris na 2025 bisa zargin nuna wariya da saɓa ƙa'idoji, ya nuna cewa shi kansa mai otel yanzu yana kallon iskar siyasa kafin ya kalli littafin ajiyar ɗakuna.

Mafi yawan abin da ya cike gurbin na cikin gida ne. Ma'aikatun gwamnati, bankuna, kamfanonin waya, kamfanonin aika kuɗi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, jami'o'i masu zaman kansu da ke bikin yaye ɗalibai, buɗe-bakin da kamfanoni ke shiryawa da azumi, da kuma bukukuwan aure. Wannan ciniki ne na gaske, kuma alherinsa shi ne ba ya gudu in jakada ya yi fushi. Amma duk irin taro na biyu ne da muka misalta: zaure da abinci, babu kwana. Mai aurar da ɗiya in ya yi ƙoƙari ya kama ɗaki ɗaya na amarya. Kuma a nan otel ba shi kaɗai ke fili ba, gidajen biki sun cika unguwanni, sun fi araha, suna barin uwar amarya ta kawo tukwanenta daga gida, abin da babban otel ba ya yarda da shi.

Sai maganar biya, wadda ita ce ta fi ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya. Ƙungiyar ƙetare tana da wahalar sha'ani: sai ta nemi farashi daga otel uku, ta ƙirga kujeru, ta duba takardar sa hannun mahalarta. Amma in ta karɓi faktir, kuɗi na shiga banki a kan lokaci. Taron gwamnati kuwa faktir ɗinsa sai ya bi layi a baitulmali, kuma kowa ya san layin ya ƙara tsawo tun lokacin takunkumi, lokacin da ƙasar ta kasa biyan ko da bashinta na kasuwar kuɗi ta UEMOA na wasu watanni. Shi mai otel ba ya iya ce wa mai kaji ya jira baitulmali. Albashi na ƙarshen wata, lampo na jiransa, bankin da ya ba shi rancen gini ba ya jin uzuri. Don haka za ka ga otel ya yi taro uku a mako, amma akawunsa na yawon neman rance don biyan ma'aikata.

Ga kuma abin da korona ta bari wanda ba zai koma ba. An koyi yin taro ta Zoom. Ƙwararren da a da za a biya masa jirgi da dare biyar yanzu yana magana daga ofishinsa a allo. Tun da aka ba Starlink izinin aiki a ƙasar, hatta a jihohi ana iya haka. Mai shirya taro yau, kafin ya tambayi launin labule, intanet yake tambaya, da ko wuta za ta ɗauke a tsakiyar jawabi.

Bari in faɗi wani abu da mu 'yan jarida ba mu cika son faɗa ba. Ba duk tarukan da suka ɓace ne abin kuka ba. Na sha zama a zaure kwana uku ana tabbatar da rahoton da aka riga aka tabbatar bara, rabin mahalarta na danna waya, ana jiran a kira sunaye a raba perdiyam. Akwai ma'aikatan da ba a ganin su a ofis sai ranar da babu taro a gari. Talaka na ƙauye da aka ce don shi ake taron ko labari bai ji ba. In irin wannan ya ragu, ƙasa ba ta yi asarar ilimi ba. Mu ma gidajen rediyo mu faɗi gaskiya, kuɗin ɗaukar rahoton buɗe taro da rufe shi yana cikin abin da ke biya mana wuta, kuma mun ji a jikinmu.

Amma kuɗin, ko da taron banza ne, hannu da yawa yake bi kafin ya tsaya. Mai lambun bakin kogi da ke kawo salati da tumatir, mai kaji da zabi, mahaucin da ke gasa rago, matar da ke haɗa bisap da lemun tsamiya, mai buga bandarol da jakunkuna, mai hayar sono, tafinta, mai hoto, ɗan takisi, maƙerin azurfa da baduku na ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata da baƙo ke biyawa ya sayi tsaraba. A cikin otel ɗin kansa, waɗanda ake fara sallama su ne 'yan aikin yini, samari da 'yan mata da ake kira in akwai taro a biya su da yamma. Ba su da kwantaragi, ba sa cikin kowane lissafi, ranar da ba a kira su ba babu wanda ya san sun rasa aiki. Ko mai cikakken aiki, in yana kan mafi ƙarancin albashi na jika 42, ɗan ihsanin da baƙo ke miƙa masa shi ne cefanen gidansa.

A Maraɗi, Damagaram da Tawa

A jihohi labarin ya ɗan bambanta, kuma a ganina nan ne ya fi dacewa a sa ido. Su ma sun samu nasu ƙaramin 2019 ɗin, lokacin bikin 18 ga Disamba mai kewayawa: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An yi tituna, an gina masaukai da zauruka, baƙi suka cika gari mako guda, sannan aka bar masu gini da tambayar nan dai ta Yamai. Gasar kokowar takobi ma haka take, in ta zo jiha kwana goma ba ka samun ko tabarma, daga nan sai bayan shekara takwas.

Abin da ke riƙe otel-otel na jihohi tsakanin biki da biki shi ne ƙungiyoyin agaji da porje-porjen noma da kiwon lafiya. Tun yunwar 2005 Maraɗi da Damagaram suka zama cibiyar masu yaƙi da tamowa. Daga 2019 kuma, da dubban 'yan gudun hijira suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, wasu ƙungiyoyin suka ƙaru. Horon ungozoma, na malaman makaranta, na wakilan manoma, duk a zaurukan ƙananan otel ake yin su, kuma su ne masu kwana, tunda daga ƙauyuka da gundumomi ake gayyato mutane. Ragin kuɗin agaji ya fi yi wa waɗannan illa fiye da Radisson, don su ba su da tawagar Turkiyya da za ta sauka gare su. Ƙari a kan haka, sharaɗin rakiyar jami'an tsaro ga baƙi 'yan ƙasashen waje da ke fita manyan garuruwa, da sace-sacen Turawa da aka yi a Agadez a farkon 2025, sun sa masu shirya taro da yawa sun gwammace su kira mutanen jiha zuwa Yamai a maimakon su je.

Sai dai Maraɗi tana da abin da Yamai ba ta da shi: baƙon da ke biya daga aljihunsa. Ɗan kasuwar Kano, Katsina ko Jibiya da ya zo harakar wake, riɗi, aya ko dabbobi ba ya jiran sa hannun wani a Bruxelles. Matsalarsa biyu ce. Iyaka, wadda aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Sai naira, wadda tun tsakiyar 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dalar Amurka zuwa sama da 1500 a 2024, alhali sefa na ɗaure da euro. Ɗakin da farashinsa bai motsa ba a sefa ya ninka wajen sau uku a idon Bakano. Shi ya sa alhajin da a da zai kama ɗaki yanzu yake sauka gidan abokin cinikinsa, ko ya gama harakarsa ya juya kafin magariba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021 kamfanin Mota-Engil ke ginawa, in ya iso zai ƙara yawan masu zuwa. Zai kuma sauƙaƙa musu komawa gida a yini ɗaya, don haka mai otel kada ya fara ƙirga riba tun yanzu. Abin da zai sa ɗan kasuwa ya kwana shi ne a ba shi dalilin kwana: baje kolin kwana uku, ganawar masu saye da masu sayarwa, zaman sasanta matsalolin duwan da na sufuri tsakanin 'yan kasuwar ɓangarorin biyu.

Damagaram na da matatar SORAZ da masu hulɗa da ita, Tawa na da albasar Galmi, simintin Malbaza da 'yan bida masu dawowa da kuɗi su yi biki a gida. Garuruwan uku kowanne na da jami'a, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani, kuma taron masana na kawo mutanen da ke kwana, ko da aljihunsu ba nauyi. Waɗannan duka ƙananan rijiyoyi ne, ba mai kama da kogin da ya janye. Amma namu ne, kuma ɗakin da ya dace da su shi ne mai tsafta, mai ruwa da wuta, wanda malamin jami'a ko ɗan kasuwa zai iya biya ba tare da ya yi tsaki ba. Mai ƙaramin otel da ya sa faranti masu aiki da rana a rufinsa, ya gyara intanet, ya rage farashi, ya yarda a kawo abincin biki daga waje a biya shi kuɗin wuri, yana da hanyar tsira da babban bene mai bashin miliyoyi a banki ba shi da ita.

Ta ɓangaren magabata, abin da ya fi gaggawa ba sabon gini ba ne, ɗakuna sun isa har sun yi yawa. Biyan faktir a kan lokaci shi ne na farko, don wanda ya zama babban abokin ciniki a kasuwa jinkirinsa na iya kashe ta. Na biyu, tunda yanzu gwamnati ce ke kiran mafi yawan taruka, tana iya kai wasu Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Dosso. Mutum 300 da suka taru a Yamai kowa gidansa yake kwana, su ɗin nan in aka kai su Tawa sai sun kama ɗaki, sun ci abinci, sun sayi tsaraba. Gaskiya ne hakan ya fi tsada ga baitulmali, kuma shi ne ainihin dalilin da ba a cika yi ba.

Ga mai son gane inda kasuwar ta dosa, akwai lokacin dubawa. Watan Agusta kullum shiru ne saboda damina da hutu, azumi ma haka. Daga Oktoba zuwa tsakiyar Disamba ne porje-porje ke rige-rigen kashe abin da ya rage a kasafinsu kafin rufe shekara, a da har sai ka yi mako biyu kana neman zaure ba ka samu ba. A cikin watannin nan, ka bi ta ƙofar otel da dare, wajen ƙarfe goma, bayan an kwashe kujeru an naɗe bandarol, ka ɗaga kai ka ƙirga tagogi nawa ke da haske.